Ɗakin Da Ba Ya Motsi

Tun da na dawo ban huta ba. In na zauna a bakin shagona na riɗi da agushi, kafin in kurɓi shayi wani ya taka burkin babur: "Alhaji Bukar, wai da gaske jirgin ya fi Lafia girma?" A masallaci ma ana sallamewa na kusa da ni zai matso ya ce an ce na ga aljanin ruwa. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sanda na ba da labarin sai jirgin ya ƙara hawa biyu. Bari in rubuta shi sau ɗaya kafin ya taɓo gajimare. Aljani dai ban gani ba. Abin da na gani, da aljanin ne ma da ya fi mini sauƙi.

Tafiyar ba tawa ba ce tun asali. Falmata, 'yar wana Yaya Ari, tana aikin haɗa magunguna a Durban, can Afirka ta Kudu. Ita ta yanki tikitin jirgin ruwa na shaƙatawa, ita da babanta, don tun rasuwar mahaifiyarta Hajja Kaltum bai sake fita ko nan kusa Assakio ba. Kafin biza ta fito cikinta ya tsufa, masu jirgi suka ce ba sa ɗaukar mace a wannan hali. Sai kujera ta faɗo kaina. Na yi mata jaje da baki, na je na ɗinka sababbin kaya.

Wanda ya san Yaya ya san ba mu yi kama ba. Ni surutu, shi shiru. A unguwarmu in aka yi rasuwa, shi ne na farko a wajen makara, kuma ba ya yarda a karɓe shi sai an kai bakin kabari. Kafaɗarsa ta dama har ta fi ta hagu sauka. Yana da ciwon suga, wanda in ya tsallake abinci sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Mun tashi da safe a motar Abuja. Kamar kullum na je da wuri na kama wa Yaya gidan gaba, kusa da direba, ni na shiga baya tsakanin wata mata mai buhun doya da wani ɗalibin makarantar Shabu da bai cire abin jin waƙa daga kunne ba har Keffi. Ku riƙe wannan, don a nan wautata take: a wurinmu babba gaba yake zama. Gaba ba girgiza, gaba akwai iska, baya kuwa duk ramin da ke tsakanin Akwanga da Garaku sai ya gaisa da ƙugunka.

Jirgin sama ba abin faɗa, sai dai abincinsu da ko kyanwata za ta ce a ƙara mata. A bakin iyaka ne aka fara. Wata jami'ar kwastam, ƙatuwa, mai fara'a kamar za ta ba ka kyauta, ta buɗe jakata ta zaro kilishin da na ɓoye cikin safa. Na ce, "Madam, abeg, na medicine." Ta shinshina, ta yi dariya, ta jefa a kwandon shara. Yaji ta bar mini bayan ta yi atishawar da ta kusa tayar da jirgi.

Sai ta buɗe ta Yaya. Daga ƙarƙashin kaya ta jawo wani farin yadi, ta yi ta jawowa, yadi ya ƙi ƙarewa. Ƙamshin turare ya tashi. Ta tambaye ni na mene ne. Ni kuwa na gane shi: likkafanin da ya sayo a Makka ne, wanda ya wanke da zamzam.

"Yaya, shaƙatawa fa aka ce za mu."

"Ka ce mata zanen gado ne," ya ce, bai ko dube ni ba.

Falmata ta tarbe mu da ciki har wuya, ta kai mu wani otal kusa da tashar jiragen ruwa, don gidanta da nisa. A garin akwai Indiyawa musulmi da yawa, abinci bai ba mu wahala ba. Suna da wani abu: a samu burodi a rarake cikinsa a zuba miyar nama, kwano da tuwo duk ɗaya. Na ci kwanona har gindi. Da za mu rabu Falmata ta ja ni gefe.

"Baba Ƙarami, don Allah abu ɗaya. Kada ya tsallake abinci. In sugansa ya faɗi a tsakiyar ruwa ban san yadda zan yi ba. Kuma waya ba za ta riƙa shiga ba."

"Ke dai haifo mana miji ko mata. Ni da abinci? Ai ko bango ne ya zauna kusa da ni sai ya ci."

Jirgin kuwa, ku da kuke tambaya: ku ɗauki sakatariyar jiha ku ɗora mata kasuwar zamani, ku ƙara otal a kai, sannan ku tura su cikin ruwa. Akwai lifta, akwai shaguna, akwai tafkin wanka a kan rufi inda tsofaffi ke kwance tsirara-tsirara suna gasa kansu kamar kifin Benuwai. Da aka ba mu katin ɗaki sai na ga lifta ƙasa take yi da mu. Ɗakin da Falmata ta zaɓa can ƙasa yake, a tsakiyar jirgi, taga ƙarama, ruwa kusa da hancinka. Raina ya ɓaci. Yarinya ta yi karatu amma ta sa ubanta a gindin mota! Na koma wajen masu karɓar baƙi na yi ta Turanci da hannu da ƙafa, cewa wannan dattijo babban mutum ne, sai gaba, sai sama. Yarinyar da ke wurin ta ce akwai ɗaki ɗaya da ba a kama ba, ta faɗi wata magana da sauri tana kaɗa hannu sama da ƙasa. Na ɗauka kyan wurin take yabawa. Na ce shi muke so.

Muka koma can ƙoli, a goshin jirgin, ba kowa gabanmu sai teku. Na ce, "Yaya, ga gidan gaba." Ya ce Allah ya yi albarka.

Kafin a tashi aka busa wani ƙaho mai shiga ciki, aka tara mu duka a jere, kowa da rigar da ke hana nutsewa. Dubban mutane, sahu-sahu, ba mai magana, ana kiran lambar ɗaki ana amsawa. Na so in yi barkwanci, na duba fuskar Yaya na fasa.

A teburin cin abinci kowa da wurinsa. Aka haɗa mu da wasu tsofaffin Zulu, mata da miji, malaman makaranta da suka yi ritaya: Mista Jozef da Madam Tandi. Mutumin irina ne. Ya ga ina barbaɗa yaji a kan shinkafa ya ce a sam masa, ya ɗanɗana, hawaye ya zubo, ya ce yanzu ya gane abin da ya sa 'yan Najeriya ba sa magana a hankali. Na nuna masa wasu ƙwari masu ƙafafu da aka jera a kan ƙanƙara na ce a garinmu in ka ga wannan a ɗaki takalmi kake nema. Matarsa tana ta dukan hannunsa tana cewa ya rage gishiri. Yaya ma ranar ya ci, har ya yi murmushi.

Da gari ya waye ƙasa ta ɓace, sai abin ya fara.

Ba irin girgizar mota ba ce. Ba ƙara, ba kwaramniya. Kana tsaye sai ka ji ƙasan ɗakin ya taso ya tura tafin ƙafarka a hankali, ya riƙe, ya riƙe, sannan ya janye kamar an zare maka tabarma. Ruwan buta ya kwanta gefe ɗaya, ya tashi, ya kwanta ɗaya gefen. Labule ya baro bango ya tsaya shi kaɗai, ba iska, ya koma. Cikin kabad hangogin rataye kaya suna taɓa juna, ƙyas, ƙyas, kamar wani na ciki yana zaɓen riga. Na buɗe na duba, ba sau ɗaya ba. In ka fita dogon lungun da ɗakuna suke, ƙofofi iri ɗaya har iyakar ganinka, ba kowa, sai ka ga can ƙarshensa ya ɗaga sama ya sauko. Alƙibla ma ta ƙi zama. Ka tayar da sallah kana fuskantar taga, kafin ka sallame rana ta koma bayan kunnenka.

Ni jiri kawai na ji da ɗan tashin zuciya. Yaya kuwa na same shi kwance a gado, a miƙe, hannaye a gefe, ido a rufi.

"Yaya, a tashi a karya."

"Bukar, ka ji?"

"Na ji. Ruwa ne."

"Ba ruwa ba ne. Saurara." Ɗakin ya ɗaga. "Ka ga, na gaba sun ɗauka." Ya sauka. "Na baya sun karɓa." Sai jirgin ya ɗan karkata hagu, ya yi wata 'yar rawa, ya daidaita. "Wannan canjin kafaɗa ne. Wani ya gaji, wani ya shiga."

Gashin jikina ya tashi. Na yi dariyar da ni ma ban yarda da ita ba.

"Duk rayuwata ina ƙarƙashin makara," ya ce. "Ban taɓa sanin yadda na sama yake ji ba. Ashe haka ne."

"Haba Yaya! Makara mai lifta da gidan wanka?"

Bai kula ni ba. Ya ce tun muna yara ya ji tsofaffin alhazan da suka bi ta Sudan suna faɗa, wanda ya mutu a jirgin ruwa ba a jira da shi. A naɗe shi, a ɗaura masa ƙarfe, a zura shi. Ba kabari, ba inda 'ya'yanka za su tsaya su yi maka addu'a. Shi kuwa ya riga ya nuna wa masu haƙa wurinsa, kusa da Hajja Kaltum.

"Ba mutuwar nake tsoro ba. Ƙasa nake so."

Daga nan ya rufe baki. Na kawo shayi, ya ce wanda ake ɗauke da shi ba ya shan shayi. Na kawo burodi, na kawo ayaba, na kawo shinkafa da yajin gida. In ya kurɓi ruwa ma sai ya dawo. Na gwada kiran Falmata, waya kamar dutse. Na yi barkwancin da na sani duka, har na bara da na bana, hangogi ne kawai suke amsa mini.

Ranar da iska ta fi ƙarfi, da azahar, ina wajen abinci ina zaɓar abin da zan kai masa, sai lasifika ta yi magana. Ba irin sanarwar wasa da rawa da suka saba ba. Murya a kwance, kalma biyu, an maimaita. Fasinjoji ba wanda ya ɗaga kai. Amma ma'aikata na ga sun dubi juna, wasu suka ajiye faranti suka fita da sauri ba gudu ba. Tafkin kan rufi an zagaye shi da igiya, ruwansa yana tafiya gefe guda ya daki bango ya dawo, ba kowa a ciki. Da yamma na je teburinmu ni kaɗai. Kujerun Mista Jozef da matarsa ba kowa. Na ce su ma ruwa ya kayar da su.

Washegari na dawo daga neman abinci na tarar gadon Yaya wayam. Takalmansa ba sa nan. Abin da na fara yi, Allah ya yafe mini, baranda na leƙa na dubi ruwa.

Na bi hawa-hawa ina tambaya. "Old man, white cap, you see am?" Na shiga gidan rawa, na shiga wajen caca, wuraren da ko a mafarki Yaya ba zai taka ba. Ina sauka ƙasa, kiɗa yana raguwa, kafet ya ƙare, fitilu suka koma farare. Sai na lura da wani abu: ƙafata ta daina neman bango. Can ƙasa, a tsakiyar jirgin, kusa da ɗakin da na raina, motsin kusan babu. A nan na gane abin da yarinyar nan mai karɓar baƙi take nufi da hannunta. Jirgin ruwa ba motar Akwanga ba ce. Goshinsa da ƙolinsa su ne masu lilo, gindin tsakiya shi ne wurin manya. Da hannuna na ɗauki wana na ɗora shi inda ya fi ko'ina rawa.

A hawan ne asibitin jirgi yake. Gaba da shi kaɗan lungu ya lanƙwasa, ga wani benci, ga wata ƙofar ƙarfe ba lamba ba rubutu. Yaya na zaune a kan bencin da carbi. Leɓɓansa sun bushe, hannunsa na rawa, amma fuskarsa a sake.

"Yaya! Ka kusa kashe ni!"

"Rage murya. Zauna ka ji. Nan sun sauke."

Na zauna. Shiru, sai wani gurnani siriri daga bayan ƙofar, irin na firjin masu sayar da ƙanƙara. Sanyi yana fitowa ta ƙarƙashinta yana lasar idon sawuna. Ba wanda ke wucewa. Na ce ga asibiti nan, mu shiga a duba suga. Ya ce a'a, likita ba ya mayar da wanda aka riga aka ɗauka. Na ce to mu koma tsohon ɗakinmu, yana nan kusa. Ya ce shi nan ya fi masa, ƙafarsa ce ta kawo shi, kuma ji yake kamar ba shi kaɗai ba ne.

Ban so wannan maganar ba ko kaɗan.

Muna nan sai ga takun mutum. Madam Tandi ce, da baƙin mayafi a kafaɗa, da hular mijinta a hannu. Ta gan mu ta tsaya cak. Ta dubi Yaya, ta dubi ƙofar, sai ta rufe baki da hular ta fashe da kuka.

"Wa ya gaya muku?" ta ce da Turanci. "Ban faɗa wa kowa ba. Kun zo ku zauna da shi?"

Sanyin nan ya hau mini har wuya. Na tambaye ta a hankali. Ta ce jiya da azahar, mijinta yana cikin ba ta labari, ya dafe ƙirji, ya cika. Sanarwar da na ji tasa ce. Ta nuna ƙofar: yana ciki.

"Me ta ce?" in ji Yaya.

Na rasa yadda zan yi. Mutumin da ke ganin ana ɗauke da shi zuwa kabari, in ce masa tun safe a ƙofar ɗakin gawa yake zaune? Na so in yi ƙarya, ni da ƙarya ba baƙin juna ba ne, amma ta ƙi fitowa. Na faɗa masa.

Carbin ya tsaya.

"Tun jiya?"

"Tun jiya."

"Ba su zura shi ba?"

Na juya tambayar yadda za ta ji daɗin ji. Ta zaro ido. Ta ce wa zai jefa mata miji a ruwa? Kowane babban jirgi yana da irin wannan ɗaki. Za a ajiye shi har a koma Durban, 'ya'yansu na jira, a kai shi ƙauyensu a sa shi kusa da iyayensa.

Na fassara. Yaya ya sa na sake tambaya, ko baƙo ma haka ake yi masa, wanda ba ɗan ƙasar ba. Ta ce kowa. Ya sauke wani dogon numfashi, ya matsa gefe ya ba ta wuri a bencin. Ta zauna tsakaninmu.

Can ya ce, "Tambaye ta ta ci abinci?"

Ba ta ci ba tun jiya.

"Kai wane irin maƙwabci ne? Mace na zaman makoki, ga ka da ƙafa. Tashi ka kawo mata."

Ban taɓa hawa bene da gudu irin na ranar ba. Na ciko faranti da shinkafa da kaza da burodi, da shayi mai zafi, na sauko ina tangaɗi ban zubar da ko ɗigo ba. Ta dubi abincin ta girgiza kai. Yaya ya yi mata alama da hannu, ci. Ta dube shi da kyau, irin kallon malamar da ta saba kama yara, ta ga leɓɓan, ta ga rawar hannun. Ta raba burodin biyu ta miƙa masa rabi.

"Ta ce in ba ka ci ba ba za ta ci ba." Wannan karon ban ƙara ko kalma ba.

Ya karɓa. Ya yi bisimilla. Na juya baya ina kallon bango, don kada su ga fuskar mai barkwanci a wannan hali.

Sauran tafiyar a bencin nan muka yi ta. Na mayar da kayanmu ɗakin da Falmata ta zaɓa, na je na ba yarinyar nan haƙuri, nas ta duba Yaya ta yi mini faɗan da na cancanta. An tsaya a wani tsibiri, mutane suka sauka suka dawo da jar fata da hulunan kaba, mu ba mu gan shi ba. Wanda ya tambaye ni yadda tsibirin yake, ya tambaye ni ƙofar ƙarfe, ita na haddace. Da safe Yaya zai yi sallah ya tafi, ita ma ta zo, ba mai jin yaren wani, ni ina jigilar shayi. Addininsu daban, bai yi wa mamacin sallah ba, bai ce zai yi ba. Zama kawai. Wani lokaci in gurnanin firjin ya ɗauke na ɗan lokaci, sai mu uku mu ɗaga kai tare mu dubi ƙofar, har ya dawo.

Da muka iso Durban, kafin a bar fasinjoji su sauka, Yaya ya ce in kai shi inda zai ga ƙasa. Muka tsaya a bakin ƙarfen baranda. Can ƙasa aka buɗe wata ƙaramar ƙofa a cikin jirgin, aka shimfiɗa gada. Ma'aikata suka turo gado mai taya, an lulluɓe shi, Madam Tandi na biye da hular a hannu. Wata mota na jira. Idon Yaya ba ya kai nesa, ya kama hannun rigata.

"Sun fito?"

"Sun fito, Yaya. Suna kan gada."

"Har yanzu ruwa ne a ƙarƙashinsu?"

"Har yanzu."

Gadon ya yi 'yar tangarɗa a ƙarshen gadar, suka ɗaga shi kaɗan, suka sauke.

"Yanzu fa?"

"Taya ta taka."

"Ƙasa ce ko katako?"

Na duba da kyau, don na san ba zai karɓi ƙari ba.

"Siminti ne, Yaya."

Ya saki hannun rigata, ya gyara hularsa.

"Ba komai," ya ce. "Ƙarƙashinsa ƙasa ce."